Yadda Ake Tafiyar da Rayuwa a Ƙaramin Jirgin Ruwa Yayin Tsallaka Tekun Atlantika

A ƙarshen watan Nuwamba na kowace shekara, ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da ƙarfin iska sukan taru a tashar Las Palmas da ke tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, su ɗunguma zuwa tsibirin Sent Lushiya da ke yankin Karibiyan. Wannan ayari da ake kira ARC ya fara ne a shekarar 1986, kuma nisan tafiyar ya kai kimanin mil 2,700 na teku, wato kusan kilomita 5,000, tun da kowane mil na teku mita 1,852 ne. Jirgi mai tsawon mita 12 yakan ci mil 120 zuwa 150 a yini da dare, saboda haka tafiyar takan ɗauki kusan mako uku ba tare da an ga tudu ba. Masu irin waɗannan jirage sukan nemi ƙarin hannu, kuma mazaunin Abuja da aiki ko karatu ko abota ta haɗa shi da ɗayansu zai iya samun gayyata. Wannan bayani domin irin wannan mutum ne. Abin da ke kai mutane gaci lafiya shi ne tsarin barci, da lissafin ruwan sha, da kiyaye doka ɗaya ta kada kowa ya rabu da jirgi, kuma duk waɗannan ana iya koyonsu.

Mataki na farko yana farawa tun kana gida. Ka koyi iyo a wurin ninkaya har sai tsoron ruwa ya bar ka, sannan ka riƙa shiga kwale-kwale a tafkin Jabi domin jikinka ya san yadda ake tsayawa a kan abin da ke motsi, ko da yake ruwan tafki ba ya kama da igiyar teku. In hali ya yi, ka yi kwas ɗin kwana biyar na sababbin ma'aikatan jirgi wanda RYA, ƙungiyar masu tuƙin ƙananan jiragen ruwa ta Birtaniya, ta tsara, inda ake koyar da ƙullin igiya da riƙon sitiyari da sunayen sassan jirgi. Ka ga likita da likitan haƙori kafin ka tashi, domin ciwon haƙori a tsakiyar teku ba shi da magani sai haƙuri. Tsibiran Kanari suna ƙarƙashin bizar Shengen, wato bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai da dama, kuma dole ne ka binciki sharuɗɗan shiga ƙasar da za a sauka tun da wuri, ka kuma tafi da katin rigakafin shawara. Akwai masu tashi daga Mindelo ta ƙasar Kef Bad, wadda take cikin ƙungiyar ECOWAS, kuma daga can tafiyar ba ta wuce kimanin mil 2,100 ba. Dalilin zaɓen wannan lokaci na shekara shi ne damunar guguwar Atlantika takan kama daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, bayanta kuma sai iskar arewa maso gabas ta daidaita, wadda danginta ce ke kawo mana hazon hunturu, ta riƙa tura jirgi daga baya zuwa yamma.

Kafin ka bar gida ka zauna da iyayenka da iyalinka ka yi musu bayani dalla-dalla. Yawancin jirage yanzu suna da wayar tauraron ɗan Adam ta Iridium ko intanet na Starlink, amma na'ura takan lalace, batir kuma yakan mutu. Ka gaya wa Hajiya a fili cewa shirun kwana uku ko huɗu ba alamar masifa ba ce, ka kuma ba mutum ɗaya mai natsuwa sunan jirgin da ranar tashi da ranar da ake sa ran isowa.

Mataki na biyu shi ne lodin kaya da abinci, kuma a nan ake gane wanda ya fahimci ƙarancin wuri. Cikin jirgin bai fi ɗaki ciki da falo ba, a nan kuma mutum huɗu ko biyar za su kwana, su yi girki, su ajiye abincin wata guda. Kada ka zo da akwati mai tauri, ka zo da jaka mai laushi da za a naɗe a cusa a lungu. Tufafi kaɗan marasa nauyi sun isa, tare da rigar ruwa da rigar sanyi ɗaya, domin daren makon farko yana da sanyi, sai hula mai igiya da tabarau da man kariya daga rana. Abinci kuwa a lissafa shi da kwana 28 ko 30 ko da ana sa ran isa cikin 20, saboda iska takan ɗauke. A cire duk kwalayen takarda tun a bakin tasha domin kyankyaso yana ƙwai a cikinsu. A rubuta sunan abin da ke cikin kowane gwangwani a kan murfinsa da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, saboda laima takan ɓare takardar jikinsa. Albasa da dankalin turawa da kabeji da lemo suna jurewa makonni in an sa su a raga inda iska ke ratsawa, ayaba kuma a ware ta gefe guda domin tana sa sauran 'ya'yan itace saurin nuna. Ƙwai yakan daɗe ba firji in ana juya shi duk bayan kwana biyu ko uku. Bahaushe yana da riba a nan, domin abincinmu na tafiya tun asali busasshe ne: garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji duk suna kai wa ƙarshen tafiya in an rufe su a robar da iska ba ta shiga. Sai dai kilishi da dambun nama ba a shiga da su ƙasashen Turai, saboda haka a bar su a gida. Daddawa kuma a nemi yardar abokan tafiya kafin a buɗe ta a wuri mai ƙunci irin wannan.

Mataki na uku, tun jirgi yana ɗaure, shi ne ka bi kyaftin lungu-lungu ya nuna maka kayan ceto har ka iya kai hannu gare su cikin duhu. Ka san inda kwale-kwalen roba na ceto yake da yadda ake jefa shi, da inda abubuwan kashe gobara suke, da jakar gaggawa, da na'urar EPIRB wadda ke aika kiran neman agaji ta tauraron ɗan Adam a kan mita 406 megahaz. Ka koyi kunna rediyon oba-oba da kira a tasha ta 16, wadda ita ce tashar neman agaji a teku a duk duniya. Ka gwada rigar cetonka, ka daidaita maɗaurinta har da wanda ke bi ta tsakanin cinyoyi, domin in babu shi rigar takan zame ta kai a cikin ruwa.

Da an bar tasha sai jirin teku ya zo, kuma kusan kowa yakan ɗanɗana shi a kwana biyu ko uku na farko. Yana faruwa ne saboda kunne yana jin motsi alhali ido, in mutum yana ciki, yana ganin komai a tsaye. Maganinsa shi ne a sha ƙwayar hana jiri kafin a tashi bisa shawarar likita, a zauna a waje ana kallon inda sama ta haɗu da ruwa, a karɓi sitiyari in an samu dama, a guji karatu da kallon waya. Ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan kana cin busasshen biskit ko citta ko da ba ka so. In amai ya zo, ka yi shi a bokiti, kada ka leƙa ta gefen jirgi, domin mai jiri ba shi da ƙarfin riƙe kansa. Babu abin kunya a cikin wannan, kuma wanda ya ɓoye halin da yake ciki ya fi cutar da abokan tafiyarsa.

Yanzu sai babban al'amari, wato gadi. Jirgi ba ya tsayawa da dare, kuma doka ta 5 cikin dokokin hana karo a teku na 1972 ta wajabta a samu mai lura da ido da kunne a kowane lokaci. Saboda haka ake raba yini da dare tsakanin mutane. In su huɗu ne, tsarin da na fi yarda da shi shi ne kowa ya yi awa uku a waje ya huta awa tara, amma a daren farko da kuma duk lokacin da teku ta yi fushi a riƙa fita bibbiyu. Wasu sukan gajarta gadi ɗaya da yamma domin lokutan su riƙa zagayawa, kada mutum ɗaya ya dawwama a kan gadin ƙarfe uku na dare. Ko wane tsari aka zaɓa, a rubuta shi a manna a bango, kuma kada a saɓa.

Ga yadda gadi ɗaya yake tafiya. Wanda zai sauka yakan tashe ka saura minti 15, da murya ƙasa-ƙasa: "Malam, lokaci ya yi." Ka tashi nan take ba tare da an sake kira ba, ka shiga banɗaki, ka sa rigar ceto tun kana ciki, ka maƙala igiyar ɗamararka a ƙarfen da aka tanada kafin ƙafarka ta fita waje. Ka yi masa sannu da aiki, sannan ka saurari bayaninsa: alkiblar da ake bi a kamfas, ƙarfin iska, yawan ƙyallen da aka buɗe, wato wanda iska ke bugawa ta tura jirgi, jiragen da ya gani, da girgijen da bai yarda da shi ba. Kada ka kunna farar tocila, a yi amfani da jan haske, domin ido yana bukatar kusan rabin awa kafin ya saba da duhu, farin haske kuma yana rushe wannan cikin daƙiƙa. Bayan ya sauka, duk minti goma zuwa 15 ka miƙe ka duba kowace kusurwa, har da bayan ƙyallen gaba inda ido ba ya kaiwa daga zaune. Babban jirgin dakon kaya yana iya tasowa daga inda ido ya tsaya ya iso gare ku cikin ƙasa da rabin awa. Na'urar AIS tana nuna sunan manyan jirage da gudunsu da inda suka dosa, amma ba kowane jirgin masunta ne ke kunna ta ba, saboda haka ido ne gaba. Jan fitila tana gefen hagun jirgi, koriya tana dama, fara tana baya. In ka ga fitilar wani jirgi tana ƙara girma alhali kusurwarta a kamfas ba ta sauyawa, kuna kan hanyar karo ke nan, ka tashi kyaftin. Kyaftin nagari ya fi son a tashe shi sau goma a banza da a bar shi yana barci sau ɗaya da ake bukatarsa. A ƙarshen kowace awa, ko aƙalla a ƙarshen gadi, ka rubuta a littafin tafiya lokaci da wurin da jirgi yake da alkibla da awon iska, domin in lantarki ya ɗauke da wannan rubutu za a san inda ake.

Abin da ya fi tayar da hankalin mai gadi a wannan hanya shi ne hadarin da ke tasowa farat ɗaya, musamman a rabin tafiya na biyu. Za ka ga baƙin girgije ya rufe taurari ta baya, sai iska mai sanyi ta bugo, cikin 'yan mintoci ƙarfinta ya ƙaru sosai tare da ruwan sama, bayan ɗan lokaci kuma ya wuce. Dabarar ita ce a rage ƙyalle tun kafin ya iso, shi ya sa matuƙa masu hankali suke rage shi kafin magariba su kwana da ƙarami, ko da za a yi asarar 'yan mil. Sandar da ke kwance a ƙasan babban ƙyalle kuma dole a ɗaure ta da igiyar da ke hana ta juyowa, domin in iska ta zagayo ta bayanta takan wulwulo da ƙarfin da zai iya kashe mutum.

Dokar da ba ta da sassauci ita ce ta faɗawa ruwa. Da dare, ko lokacin da kake kai kaɗai, ko in teku ta tashi, igiyarka tana maƙale. Ba a zuwa gaban jirgi sai wani yana kallo. Hannu ɗaya na aiki ne, ɗaya na riƙo. Maza su bar al'adar tsayawa a gefen jirgi domin fitsari, a shiga banɗaki a zauna. In kuwa ƙaddara ta sa wani ya faɗa, wanda ya gani ya yi ihu, ya jefa masa abin ceto, ya nuna shi da yatsa ba tare da ya ɗauke ido ba, wani kuma ya danna maɓallin da ke adana wurin a na'urar GPS. Kan mutum ƙarami ne ƙwarai a tsakanin igiyoyin ruwa, kuma jirgin da iska ke turawa daga baya ba ya juyowa da sauri.

Ruwan sha yana bukatar lissafi na gaskiya. Mutum huɗu, kowa lita huɗu a rana domin sha da girki, na kwana 28, ya kama lita 448, kuma tankin ƙaramin jirgi sau da yawa bai kai haka ba, sai an ƙara da jarkoki da robobi. Wasu jirage suna da injin tace ruwan teku, amma a ɗauke shi a matsayin ƙari kawai, a yi lodi kamar babu shi. A kashe famfon lantarki a koma na ƙafa, domin mai taka famfo da ƙafarsa ba ya ɓarna. Kwanuka da ruwan teku ake wanke su, a ɗauraye da ɗan ruwan daɗi. Wanka ma haka ne: a zauna a wurin matuƙi da igiya a maƙale, a watsa bokitin ruwan teku, a ƙarasa da kofi biyu ko uku na ruwan daɗi domin gishiri yana sa ƙuraje. Kowace litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, shi ya sa ba a shan sa ko ƙishi ya yi tsanani, amma ana iya zuba kaɗan a ruwan dafa dankali a madadin gishiri.

A nan Musulmi yana da sauƙi babba, domin hadisin da Imam Malik ya ruwaito ya tabbatar da cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Da bokitin ruwan teku za ka yi alwala ba tare da ka taɓa tanki ba. Lokutan salla kuwa da tafiyar rana za ka bi su, ba da agogo ba, domin duk digiri 15 da aka ci zuwa yamma agogo yana komawa baya da awa ɗaya, kuma tsakanin Kanari da Sent Lushiya awa huɗu ne, tsakanin Abuja da Sent Lushiya kuma awa biyar. Alƙibla a tsakiyar wannan hanya tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa, wato kusan bayan jirgi tun da yamma aka dosa, kuma kamfas zai tabbatar maka. In tsayuwa za ta kayar da kai, ka yi a zaune. Hukuncin kasaru da haɗa salloli da azumin matafiyi ka tambayi malaminka tun kana Abuja ka rubuta. Ka kuma gaya wa kyaftin tun farko game da salla da abin da ba ka ci ba ka sha, domin a tsara gadi da girki da saninsa.

Girki aiki ne mai haɗari fiye da yadda ake zato. Murhun jirgi yana rataye ne yana lilo domin tukunya ta zauna daidai, duk da haka a danne ta da maƙalai, kada a cika ta, kuma tukunyar da ke kulle tururi ta fi kowace aminci saboda murfinta ba ya buɗewa, tana kuma rage cin gas. Mai girki ya sa dogon wandon roba ko da ana zafi, domin ƙunar tafasasshen ruwa a wurin da babu asibiti babbar masifa ce. Da an gama a rufe gas daga kan tukunyarsa, saboda ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasan jirgi yake taruwa. A yi ƙoƙari a haɗu gaba ɗaya a ci abinci mai zafi sau ɗaya a rana kafin faɗuwar rana, domin a wannan zama ne ake jin labarin yanayi, a faɗi abin da ke damun kowa tun bai girma ba. In an ja ƙugiya a baya akan kama kifin dorado, da safe kuma akan tsinci kifaye masu tashi da suka faɗo kan jirgi cikin dare. Leda da roba ba a jefa su a teku ko kaɗan, yarjejeniyar MARPOL ta hana gurɓata teku ta haramta, sai a wanke su a matse a ajiye har tudu.

Kowace safiya mutum ɗaya ya zagaya jirgi yana duba igiyoyi da ƙyalle, domin gogayya ta dare da rana tana cinye igiya a wuri ɗaya har ta tsinke. In an ga ta fara lalacewa sai a matsar da ita kaɗan ko a naɗe wurin. A duba ƙananan kusoshi da suka faɗo a kan dabe, domin kowanne daga wani wuri ya kwance. A ɗaga katakon ƙasa a ga ko ruwa ya taru, a ɗanɗana a ji na gishiri ne ko na tanki. A duba batir, tun da firji da na'urar tuƙi mai sarrafa kanta su ne suka fi shan wuta, in faifan sola bai wadatar ba a tada inji na ɗan lokaci, ana lissafin man dizal.

Sauran lokacin na barci ne, kuma ka ɗauke shi a matsayin aiki. Da ka sauka daga gadi ka kwanta ko da rana ce, ka ɗaura ƙyallen da ke gefen gado domin kada ka gangaro, ka tokare jikinka da matasai, ka toshe kunne. Gajiya ce uwar yawancin kurakurai da yawancin faɗa a jirgi. Wanda ya makara minti biyar wajen karɓar gadi, ko ya bar kofi a kwanon wanki, ko ya cinye rabon wani na zaƙi, zai ga ƙaramin abu ya zama babba a mako na biyu. Ka riƙa yin fiye da rabonka na aiki kaɗan, ka rage murya in wani yana barci, in kuma magana ta taso a kai ta gaban kyaftin, wanda hukuncinsa ne na ƙarshe a kan ruwa ko da ka girme shi.

Sa'ad da tudu ya kusa a ƙara yawan masu gadi, domin jirage da tarun masunta da duwatsu duk a bakin gaɓa suke, kuma in lissafi ya nuna za a isa cikin dare a tashar da ba a sani ba, gara a rage gudu a jira wayewar gari. Ana shiga ruwan ƙasar sai a ɗaga tuta mai launin rawaya, alamar ana neman izinin shiga. Kyaftin ne kaɗai zai sauka da fasfo ɗin kowa da takardun jirgi zuwa ofishin kwastan da na shige da fice, sauran kuma su zauna a jirgi har ya dawo. Ragowar ɗanyen abinci da shara a bi da su yadda hukumar tashar ta tsara. In ka taka ƙasa za ka ji tana lilo na yini ɗaya ko biyu, saboda haka ka yi tafiya a hankali, kada kuma ka sayi tikitin jirgin saman komawa Abuja a ranar da ba za a iya sauyawa ba, domin iska ce ke yanke ranar isowa.